Sa'ida ko sauƙi: wace kalma zan rubuta wa yayyen maigidana?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Rigasa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sana'ar maigidana ta tuƙa Keke Napep ta ja baya, har kuɗin haya ya taru mana. A makon jiya yayyensa suka haɗa hannu suka biya mana na wata shida, suka kuma aiko da rabin buhun shinkafa da jarkar manja. Ina son in rubuta musu saƙon godiya, amma ina tsoron idan na ce "mun samu sauƙi" su ɗauka matsalar ta wuce, idan kuma na ambaci abin da ya rage su ga kamar na raina alherinsu. Na kan ji kakata tana cewa "sa'ida". Shin ita ce ta dace?

Wata malama daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kakarki ta ba ki kalmar da kike nema. Sa'ida ita ce ɗan numfashin da mutum ke samu a tsakiyar wahala ba tare da wahalar ta ƙare ba. Ki duba majinyacin da ya kwana yana juyi da zazzaɓi, sai da asuba gumi ya karyo masa barci ya ɗauke shi. Shi ne za a ce ya ɗan samu sa'ida, kuma babu wanda zai ce ya warke. Sauƙi kuwa ya yi faɗi da yawa, domin ko wanda ciwo ke ci idan aka ce masa "ya jiki?" amsarsa ita ce "da sauƙi".

Wani dattijo daga Kawo: 'Yata, malama ta yi gaskiya. Kada ki yi amfani da "rangwame", domin kunne zai tafi ga ragin farashi, haka "lafawa" ta fi dacewa da wuta ko rikici. Sai dai ina ganin kalma ɗaya ba za ta ɗauki wannan nauyin ba. Ki rubuta cewa ta dalilinsu kun samu sa'ida, ki yi musu addu'a, sannan ki bar maigidanki ya taka ƙafa ya je wurin babban yayansu, ya faɗa masa da bakinsa watan da hayar za ta ƙare.