Admin a ɓoye sunana: wace ƙungiya ce ke taimakon yara irin nawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Daura nake. Ina da yaro ɗan shekara 4, har yau bai zama da kanshi, bai magana, wuyanshi ma sai an tallafe. Ciwon shawara ya yi mai tsanani tun kafin suna, likita ya ce shi ya taɓa mashi ƙwaƙwalwa. An rubuta mana gashi (motsa jiki na asibiti) a Katsina, to kuɗin mota ya fi ƙarfinmu, maigidan ɗinki yake yi a kasuwa. Yaron kuma ya yi nauyi, goyonshi ya fara kashe mani baya, ga ƙanwarshi tana nono.

Kwanan nan wani ya shigo unguwarmu ya ce daga wata ƙungiya yake, za su raba keken guragu da jari, amma sai an sayi fom N5,000, kuma a ɗauki yaron bidiyo ba riga don masu ba da tallafi su gani. Maigidan ya ce bai yarda ba, surukata ta ce mu gwada. Don Allah wanda ya san ƙungiyar gaskiya ya nuna mani hanya.

Maman Walid: Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa, maigidanki ya fi kowa gaskiya. Wanda ya zo taimakonki ba ya fara da karɓar kuɗinki. Ki ce ya faɗi cikakken sunan ƙungiyar da inda ofishinsu yake, a duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ko suna da rajista, sannan a tambayi mai unguwa ko ya san da zuwansu. Yawancinsu daga nan ba ki ƙara ganinsu.

Baban Hanifa: Allah Ya ba shi lafiya. Ni dai ban ga laifin bidiyon ba. Mutum nawa aka tara wa kuɗi a Facebook ta haka? Kunya ba ta biyan kuɗin asibiti.

Maman Walid: Malam, an tara wa wasu, gaskiya ne. Amma bidiyo in ya fita ya fita, wani ya sa lambar asusunshi a ƙasa ya yi ta ci da yaron har ya girma, uwar ba ta sani ba. Kuma mene ne na tuɓe mashi riga? In za a nemi taimako a fili, a sa takardar likita da asusun uban, a bar wa yaro mutuncinshi.

Anti mai aikin gashi: Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba da lada. Bari in ɗan yi tsawo, don wannan aikina ne. Abin da kika kwatanta shi ne muke kira shanyewar ƙwaƙwalwa. Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa, don haka duk mai ce maki yana da maganin warkewa tas, ki riƙe kuɗinki. Abin da ke lalacewa in an bari shi ne jiki: gaɓoɓi su ƙage, baya ya karkace, yaro ya rame saboda haɗiya tana ba shi wuya.

Ƙungiyoyin nan kowace da abin da ta sa gaba, shi ya sa iyaye ke shan yawo a banza. Smile Train na biyan kuɗin ɗinkin tsagaggen leɓe. Asibitin yara masu ciwon noma (ciwon da ke cin baki da fuska) na Sakkwato, tare da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, gyaran fuska suke yi kyauta. Beautiful Gate da ke Jos suna ƙera keken da ake tuƙawa da hannu su raba wa waɗanda shan inna ta kama. Duk aikin alheri ne, amma babu wanda ya dace da ɗanki a ciki. Keken hannu sai mai ƙarfin damtse. Shi kujera yake buƙata mai tallafe kai da baya, kuma kafinta zai iya haɗa ta a nan Daura in mai gashi ya ba da awo.

Don haka in kin samu zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki ce wa mai gashin a fili daga Daura kike kuma ba ki iya zuwa kowane sati. Ki roƙi a koya maki motsa jikin da za ki riƙa yi mashi a gida, da yadda ake zaunar da shi a ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba. Ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya, su ne suka san masu biya wa mabuƙata. In yana farfaɗiya ki faɗa, akwai maganin da ke tsayar da ita. In kuma ya rame sosai, MSF na kula da yara masu tamowa kyauta a Katsina tun 2021.

Malam na Islamiyya: A haɗa da addu'a, amma kar a bar asibiti don an ce iska ce. Sannan in gidan bai da hali, zakka ta halatta gare su, ba bara ba ce. Maigidan ya rubuta takarda ta hannun limamin unguwa zuwa ga masu fitar da zakka, ya faɗi abu takamaimai: kuɗin mota na wata kaza, kuɗin kujera kaza. Mai hali ya fi saurin sa hannu a aljihu in ya san inda kuɗin za su. Mata na unguwa kuma, ku karɓe ta da renon ko na wuni ɗaya ne, ta samu ta miƙe bayanta.

Yaya mai keke: Ni shan inna ta kama ni tun ina ƙarami, yau ina da iyali. Ku yi mashi rajista da ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, reshen jiha. Ba kuɗi suke rabawa ba, kar ki sa rai da yawa, amma in tallafi ya zo galibi da jerin sunayensu ake aiki. Kuma akwai dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana nuna mana wariya, ta ce karatunmu kyauta ne har sakandare, ita ta kafa hukumarmu ta ƙasa a Abuja. Aiki da ita dai sai a hankali. A jihar nan makafi na da makaranta a Katsina, kurame na da tasu a Malumfashi, amma irin ɗanki yawanci a ɗaki ake barinsu. Kar ki ɓoye shi, ki fito da shi tsakar gida cikin yara.

Mai tambaya (ta hannun Admin): Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan da Inna, an bar maganar fom. Anti, kujerar nan da katako ake yin ta ko da ƙarfe?

Anti mai aikin gashi: Katako da soso sun isa, sai ɗamara a ƙugu. Amma kar a yanka komai sai an auna shi, in ta yi mashi faɗi zai riƙa zamewa gefe guda. Ranar da za ki shigo ki taho da katinshi na asibiti da duk magungunan da yake sha, kuma ki fito da wuri don layin na cika tun da safe.