Hanyoyin keke marasa cunkoso a kewayen Jos

Sabo: Assalamu alaikum. Aiki ya mayar da ni Jos, kuma ina son in koma hawan keke bayan na shekara biyar ban taka feda ba. Wace hanya ce babu manyan motoci, wadda hawanta ba zai fi ƙarfina ba?

Malam Iliya: Wa alaikumus salam. Ka fara da kewayen Rayfield, inda ƙasar take a shimfiɗe tsakanin kududdufan da haƙar kuza ta bari. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka kada ka yi mamaki idan numfashinka ya riga ƙafarka gajiya a makon farko.

Hajara: Idan ƙafa ta saba, sai ka bi hanyar Bukuru zuwa Vom da sassafe. Hawa da gangara ne a hankali, ga gonaki masu shingen kyarana dama da hagu.

Ɗanladi: Hanyar Lamingo zuwa duwatsun Shere ta masu ƙarfi ce. A gangararta birkina ya taɓa yin zafi har sai da na sauka na tura keken. Malam Sabo, ka tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ka fita, kuma kada ka tafi kai kaɗai.