Masu manhajar ƙirga taku, me ya sa kuka fara kuma me ya riƙe ku?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a. Ina ganin mutane suna ta ɗora hoton takun da suka yi a status, wannan dubu 8 wancan dubu 12, ni kuma daga shago sai gida sai masallaci, tumbi sai ƙaruwa yake. Dan Allah masu amfani da irin su Google Fit ko Samsung Health ku faɗa mana gaskiya, me ya sa kuka fara, kuma ya aka yi ba ku watsar ba?

Baba Direba:
Wa'alaikassalam ɗana. Ni ba sha'awa ce ta kai ni ba, tsoro ne. Jiri ya ɗebe ni a tasha aka kai ni asibiti, likita ya auna ya ce hawan jini ne kuma suga ma ya fara leƙowa, ya ce ga magani amma sai na haɗa da tafiya. 'Yata ce ta saka min abin a waya. Ranar farko da na duba da daddare ko taku dubu 2 ban yi ba, mutumin da ke wuni a hanya fa! Ashe motar ce ke tafiya, ni a zaune nake. Yanzu in na idar da sallar asuba ba na komawa barci, sai na zaga unguwa kafin rana ta yi zafi.

Uwargida daga Kaduna:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Mu mata namu daban ne, ka fita da sassafe da kambas a ƙafa sai an bi ka da ido kamar ka yi sata. Bayan haihuwa ta uku na sauke manhaja har kala uku duk na goge, don ni kaɗai ce, in waya ta ce lokaci ya yi sai in danne ta in juya. Abin da ya canza shi ne da muka haɗu mu 'yan islamiyya muka buɗe gurup a WhatsApp, kowa ta turo hoton takunta kafin isha'i, wadda ba ta turo ba a yi ta tsokanarta har washegari, akwai wata hajiya a cikinmu ta girme mu duka amma kullum ita ce ta ɗaya, a tsakar gida take zagayenta da carbi a hannu wlh kunyarta ce take tashina. Ran Asabar kuma mu je Murtala Square da hijabanmu.

Ɗalibi a BUK:
Ni tallafin mai da aka cire a 2023 ne ya koya min tafiya 😂 kuɗin adaidaita ya gagara, na ce tunda ƙafa zan taka gara a ƙirga min. Daga nan na koma Strava, in ka yi gudu yana zana maka taswirar inda ka bi, abokai su danna maka kudos, wato jinjina. Amma Ɗan Kurmi kar maganar taku dubu 10 a rana da ake cewa sai an yi ta firgita ka. Asalinta tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, sunanta Manpo-kei, daga nan lambar ta bi duniya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 sau biyar ka cika mafi ƙaranci.

Hajiya ta Zinder:
Shirin aikin hajji ne ya sa ni. Safa da Marwa kaɗai sau bakwai ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi ga zuwa jifa, malaminmu na bita ya ce duk mai niyya ya fara saba wa ƙafarsa tun daga gida. Na dawo ban daina ba.

Tela mai keke:
Ku dai bi lambar nan a hankali. Tawa in na hau babur a hanya mai ramuka sai ta ƙirga min taku, haka in ina taka keken ɗinki tana aljihu, wata rana ta taya ni murnar cika buri alhali ban bar shago ba. Na ma taɓa bin wadda ake cewa tana biyan kuɗi in ka yi tafiya, data da caji kawai ta cinye min.

Ɗan Kurmi:
Hhhh tela ka gama da ni. To da azumi fa ko lokacin hazo ya kuke yi?

Baba Direba:
Da azumi bayan tarawi nake yi, masallaci mai nisa nake zaɓa in je a ƙafa in dawo a ƙafa. Hunturu kuma takunkumi da hular sanyi, in ƙura ta yi yawa in bari sai hantsi. Ka samu maƙwabcin shagonka ku fara tare, ranar da ka ji ƙyuya shi zai buga maka ƙofa.