Yaya ake zana tabon tauraron da ba a ganin fuskarsa?

Malamin fizik, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyarwa a wani lise nan Tawa. Na ga taswirar tauraron V830 Tau, ga tabo baƙaƙe ga layukan maganaɗisu, an ce shekarunsa kamar miliyan 2 kacal. Yana ɓangaren saman da Kaza da ƴaƴanta take, haskensa sai ya yi tafiyar shekara fiye da 400 kafin ya iso mu. Ko a babban madubin hange ɗigo ne kawai. To ina aka ga tabon? Ba na son in gaya wa ɗalibaina abin da ban gamsu da shi ba.

Ɗalibar jami'a, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Juyawarsa ke tona shi. Rana sai ta yi wajen kwana 25 take juyawa sau ɗaya, shi kuwa bai cika kwana 3 ba. Idan aka warware haskensa launi-launi kamar bakan gizo, za a ga layuka baƙaƙe. Gefen da ke tahowa wajenmu yana tura layin wajen shuɗi, mai tafiya yana tura shi wajen ja, sai layin ya yi faɗi. Tabo bai kai sauran jikin zafi ba, haskensa kaɗan ne, sai ya bar ƙullutu cikin layin, yana tafiya daga shuɗi zuwa ja. Na tsakiyar tauraro yakan ratsa layin duka, na can ƙololuwa ba ya nisa da tsakiyar layin. A tara darare, kwamfuta ta fitar da taswirar da ta dace. Masana taurari Vogt da Penrod suka fito da dabarar a 1983.

Tsohon injiniya, Yamai:
Madalla ƴata. Gano maganaɗisun tauraro kuma ya dogara da aikin masanin fizik Zeeman ne, 1896: maganaɗisu na tsaga layin, ya murɗa hasken. Da shi masanin taurari Hale ya gano maganaɗisun tabon rana a 1908, Semel ya haɗa dabarun biyu a 1989. Alamar ƙarama ce ƙwarai, sai an haɗa dubban layuka, da na'urori irin ESPaDOnS a Hawai.

Amma Malam, ka gaya musu lissafi ne, ba hoto ba. Ƙananan maganaɗisu masu saɓanin fuska suna kashe juna, manya kaɗai ke fita. Kuma tabon kan yi ruɗi: a 2016 an ce an ga ƙatuwar duniya tana kewaya V830 Tau, wasu suka sake aunawa a 2020 ba su same ta ba.

Malamin fizik, Tawa:
Allah ya saka da alheri Baba, ke ma haka. Zan iya nuna musu tabon rana a aji?

Tsohon injiniya, Yamai:
Ƙwarai. Ka bi da hasken ta madubin hange ya sauka kan farar takarda, da hantsi kafin ƙura ta tashi. Kada yaro ko ɗaya ya sa ido a madubin, makanta ce nan take.