Shawarwarin iyaye kan samari masu gasar wasan waya

A zaman da wasu iyaye suka yi a unguwar Zariya ta Maraɗi, an daɗe ana ja-in-ja kan samarin da suka duƙufa a gasar Free Fire da PUBG Mobile. Masu cewa a ƙwace wayar kawai ba su samu goyon baya ba, domin yaron da aka hana a gida zai ari ta abokinsa a fada, wurin zaman hirar samari, inda babu idon kowa.

Shawarar da ta fi nauyi a ganina ita ce ta lokaci. Zagaye ɗaya na Free Fire kamar minti 10 ne, kuma wanda ya fice a tsakiya ya kayar da 'yan ƙungiyarsa, shi ya sa yaro kan tayar da jijiyar wuya idan aka aike shi nan take. Gara a ce masa: "Gama wannan ka tashi." Bayan lisha kuma waya ta kwana a ɗakin uwa, lokacin shirin jarrabawar BEPC ko bak kuwa a bar wasan sai Asabar da Lahadi.

Lu'ulu'un cikin wasan, waɗanda ɗan wasa ke sayen kaya da su, da kuɗi na gaske ake sayensu, don haka kada lambar sirrin asusun uba ta shiga hannun yaro. Gaskiya akwai kuɗi a harkar, gasar duniya ta wasannin bidiyo da aka yi a Riyad a 2024 ta raba fiye da dala miliyan 60 na Amurka, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa su.

Wata uwa ta tunatar cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan cikin jerin cututtuka. Idan barci, salla da lakkwal suka fara lalacewa wata da watanni, a kai yaron wurin likita.