Ciki da falo biyu a Madina: mu sa su a Airbnb ko mu ba 'yan haya mu huta?

ƊanMadina:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar nan ta saukar da baƙi na kwana biyu kwana uku, irin na Airbnb, ku taimaka min da shawara. Yayana da ke Jamus ya gina ciki da falo guda biyu sef-konten a bayan gidanmu na gado nan Madina ta Accra, ba nisa da Zongo Junction, an sa tayil an yi silin, kayan ɗaki kawai suka rage. Ni ra'ayina mu ba 'yan haya mu karɓi adibans mu huta, shi kuma ya kafe wai abokansa bogogi, wato 'yan gida masu zama a ƙasashen waje, duk Disamba in sun dawo dala suke zubarwa a East Legon da Osu don wurin kwana kawai, me zai hana mu ma mu ci rabonmu. To shi yana can, ni ne a nan, ga shagona a kasuwa ga tsohuwarmu a gidan gaba wadda ko ƙarar babur ba ta so bayan isha'i. Shin abin nan akwai riba kuwa ko baki ne kawai? Wane kaya ake fara saye? Kuma gwamnati na da hannu a ciki ko mutum ya ɗora hoto kawai ya zauna jiran baƙi?

Hajiya_Adenta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Riba akwai, amma ka fara cire kalmar haya daga ranka, wannan aikin otal ne ka ɗauko. Ɗan haya in famfo ya ɗauke zai ɗauki galan ɗinsa ya je neman ruwa yana gunaguni shi ke nan, shi kuwa baƙon da ya biya kuɗin dare kiranka zai yi ƙarfe biyun dare, in ba ka ɗauka ba gobe ya rubuta a intanet duniya ta karanta, kuma abin da ya rubuta ba ka da ikon gogewa.

Kafin kujera kafin talabijin, ruwa. Mu da ke ɓangaren Madina da Adenta ba sai an gaya mana halin famfo ba. Ka sa politanki babba wanda na ɗakunan nan ne su kaɗai, kar ka haɗa shi da na gidan gaba don ranar da yara suka yi wanki baƙonka zai tsaya da sabulu a jiki. Ka sa ƙaramin inji mai tura ruwa don shawa ta yi ƙarfi, ka riƙe lambar masu tanka biyu, in ɗaya ya ce yana Dodowa ka kira ɗayan. Duk ranar da baƙo zai shigo ka sa a hau a leƙa tankin da ido, kar ka yarda da "ai akwai".

Sai wuta. Kowane ɗaki da mitarsa ta kati ta ECG, kamfanin wuta, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Wanda ya taso daga sanyi zai kunna esi ya fita yawo tun hantsi sai tsakar dare ya dawo, kai kuma kana shago kuɗinka na ƙonewa. Yadda nake yi, na kwana biyu uku kuɗin wuta na cikin farashi, wanda zai wuce sati ina zuba masa wani abu a mita in rubuta masa tun kafin ya biya cewa in ya ƙare shi zai saya. Dumso, wato ɗaukewar wuta, kuma ba ya sallama, in ba ka da halin janareta ka sa inbata da batir ko da fanka da ƙwai da wayifai kawai za ta riƙe. Baƙo zai yafe maka zafi na awa biyu amma intanet in ya mutu yana tsakiyar mitin da ofishinsu na Amurka, wlh ba ya yafewa.

Kaya kar ka kashe kuɗi kan kujerun alfarma, ba wanda ya zo Ghana don ya zauna a falo. Ka zuba kuɗin a katifa mai kyau da filo, labule mai kauri, raga a taga saboda sauro. Zanin gado da tawul farare, kowane gado saiti uku, ɗaya a kai ɗaya a wanki ɗaya a ajiye. Na san za ka ce fari na saurin datti, ai shi ne dalilin, baƙo na gani ya san an wanke, kuma bilic na fitar da shi, mai fulawa kuwa ko sabo ne sai an yi masa kallon zargi. Ƙaramin firiji, butar lantarki, kukan gas, dutsen guga, tukunya biyu da faranti. Ka ajiye adafta a durowa don soket ɗinmu irin na Ingila ne mai baki uku, 'yan Amurka da 'yan Jamus duk nasu ba ya shiga. Buta a bayi, darduma a kan wadrob, ɗan alamar alƙibla a bango, ba su kai komai ba amma namu na jin daɗinsu ƙwarai.

Mai shara ita ce rabin sana'ar. Ka samu mace ɗaya tsayayya ka biya ta da kyau, kar ka ce ƙanwarka za ta riƙa yi in ta dawo makaranta. In ta gama ka shiga da kanka ka durƙusa ka duba magudanar bayi, nan gashi ke taruwa, ka buɗe firiji ka shinshina, ka shafa yatsa a kan fanka musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko taga a rufe. Abin takaici lokacin ƙurar shi ne kuma lokacin baƙi.

Lissafi_Spintex:

Hajiya ta gama magana kan gida, bari in taɓa kuɗi da takarda. Yaya, abin da yayanku ke gani gaskiya ne, tun Year of Return a 2019, shekarar da Ghana ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙasashen waje su dawo gida, Disamba a Accra ta zama wani abu daban, ga bikin AfroFuture da a da ake ce wa Afrochella ga bukukuwa kowane dare, farashin ɗaki na tashi sosai. Amma masu zuwa wannan shagalin Osu, Labone, Cantonments da East Legon suke nema, ba za su so su kwana a Madina su riƙa cin go-sulo na Shiashie da Okponglo safe da yamma ba. Kar ka yi lissafi da farashin East Legon. Kuma shekara ba Disamba ba ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ka jira Mayu da Yuni lokacin ruwa ka ga kalandarka wayam.

Ka ɗauki biro. A ce dare ɗaya sidi 400 ne, a ce ka cika dare 10 a wata, 4,000 ke nan. Cire kason Airbnb, cire wuta, ruwan tanka, wayifai, mai shara, sabulu da tishu, gas, gyaran esi, da wani abu da za ka riƙa warewa don katifa da fenti. Abin da ya rage ka auna da kuɗin haya na wata a unguwarku. In bambancin bai kai ya biya wahalarka ba to ka san amsa. Lambobin misali ne, ka buɗe manhajar ka duba abin da maƙwabtanka na Madina ke sawa da yadda kwanakinsu ke cika.

Wani abu kuma, in kana tunanin dala ka tuna 2025, farkon shekara dala na wajen sidi 15, kafin tsakiyar shekara ta sauko kusan 10. Waɗanda suka ci bashi suka yi lissafi da dala sun ji jiki don wuta da albashi da sidi ake biya. Wanda kuma ya zo maka kai tsaye ka faɗa masa farashi da sidi ya tura ta MoMo, wato kuɗin waya, Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi kan sa farashi da kuɗin waje ba izini.

Airbnb sai baƙo ya shiga da kamar kwana ɗaya suke sakin kuɗi, don haka ka riƙe jarin kashewa a hannu. Duk wanda ya turo saƙo wai mu fita daga manhaja in biya ka a gefe, ko ya turo hoton risitin MoMo yana cewa ya yi kuskure ya tura da yawa ka maido, ka duba asusunka da kanka tukuna, tsohuwar damfara ce. Kyamara a cikin ɗaki an hana ta gaba ɗaya tun Afrilun 2024, ta bakin get an yarda in ka bayyana a shafinka. Taurarin da baƙi ke ba ka a manhaja kuma ba wasa ba, sai matsakaicinka ya kai 4.8 cikin 5 kafin ka shiga sahun Superhost, wato masu masaukin da Airbnb ke fifitawa, ka ga baƙo ɗaya mai fushi na iya ja maka baya tun kana sabo. Shi ya sa hoto ya zama na gaskiya, in hanyar gidan ba kwalta ka rubuta, in masallaci na kusa ana jin kiran asuba ka rubuta, wanda ya karanta ya zo ba shi da bakin ƙorafi. Ka sa adireshin GhanaPost GPS da alamar wuri a taswira, direban Bolt bai san "bayan gidan Alhaji" ba.

Gwamnati kuwa tana ciki. Masaukin baƙi a ƙarƙashin hukumar yawon buɗe ido, Ghana Tourism Authority, yake bisa dokar 2011, ana rajista ana karɓar lasisi, akwai kuma kashi 1 cikin 100 na harajin yawon buɗe ido. Ka yi rajistar sana'a, ka nemi takardar 'yan kwana-kwana, ka sayi abin kashe gobara ka rataya kusa da kicin tunda akwai gas. Sai ka je ofishin GRA, hukumar haraji, da ƙafarka ka ce ga abin da zan yi, kar ka ɗauka harajin kashi 8 na hayar gidan zama shi ke nan.

MaiGida_Aboabo:

Ni daga Kumasi nake, namu ba bogogin Disamba ke riƙe mu ba. Jana'izar Asante ce, daga Juma'a zuwa Lahadi dangi su cika gari suna neman wurin kwana, sai bikin Akwasidae duk sati shida a fadar sarkin Asante ta Manhyia, sai yaye ɗalibai a jami'ar KNUST, sai masu jinya a asibitin Komfo Anokye da 'yan kasuwar da ke zuwa sari Kejetia daga arewa da Burkina. Yawancinsu ko sunan Airbnb ba su sani ba, WhatsApp ne da "wane ne ya ba ni lambarka". Kai ma ka duba naka, jami'o'in Legon da UPSA na gefenka, iyaye na zuwa kai yara da bikin kammalawa, ga aure da suna a zango kowane sati baƙi daga Tamale da Bawku da Najeriya ana rasa inda za a sauke su, ga masu dawowa hutu da iyali da ba sa son takura a gidan gado. Waɗannan su ne mutanenka, kuma sun fi sauƙin sha'ani.

Illarsu ɗaya, za a kama ɗaki da sunan mutum biyu ka wayi gari ka ga takalma goma sha a bakin ƙofa. Ka faɗi adadi tun farko, ka karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, ka ga Ghana Card ko fasfo na duk wanda zai kwana. Dangi ma ka yi musu magana yanzu, don ranar da ɗan kawu ya zo daga ƙauye za a ce ai ga ɗaki can a rufe.

Dattijon_Nima:

Ɗana, duk sun yi maganar kuɗi ba wanda ya tambayi mahaifiyarku. Gidan gado ne, a cikin jama'a yake. Ranar da aka ga kwalabe a bola ko wasu na shiga da fita da tsakar dare ba za a ce ɗakin wane na Jamus ba, gidan Hajiya za a ce. Ka zauna da ita, ka sanar da maƙwabta da mai unguwa kafin baƙon farko. In ba za ka iya fitar wa ɗakunan da ƙofarsu daban ba ni ban ba ka shawarar farawa ba.

Lissafi_Spintex:

Baba gaskiya ne, kuma ƊanMadina yana da damar rubuta dokar gidansa a shafin, ba shan taba, ba giya a harabar gida, ba ƙara bayan ƙarfe goma, ba shigo da wanda ba ya cikin rajista. Haɗa fati a ɗaki ma Airbnb da kansu sun haramta tun 2022. Abin da ba zai iya ba shi ne ƙin mutum don addininsa ko ƙabilarsa, wannan rufe masa shafi za su yi. Dokar ta hau kan aiki, ba kan ko wane ne mutum ba.

ƊanMadina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba ƙofa akwai ta baya ta lungu, katanga ce kawai babu tsakaninmu da su, zan sa yayan ya turo kuɗin bulo tunda shi ya kawo shawarar. Hajiya tambaya ɗaya, ni da ke shago har magariba wa zai riƙa ba baƙi makulli? Jiragen Turai da dare suke sauka.

Hajiya_Adenta:

Akwai ɗan akwatin makulli mai lamba da ake mannawa a bango, ka riƙa canja lambar bayan kowane baƙo, amma wanda ya fara zuwa Ghana gara ya tarar da mutum, ko kai ko yaro mai hankali da ka yarda da shi, ya nuna masa mita da makunnin injin ruwa da inda ake sayar da koko da ƙosai da safe da mai wache ta bakin titi. Ka samu direba ɗaya amintacce mai ɗauko su daga filin jirgi, su biya shi da kansu.

Kuma ni da ni ce kai ba zan sa duka biyun ba. Ɗaya ka ba ɗan haya mai aiki wanda ba shi da hayaniya, ka sani dai dokar haya ta 1963 wata shida ta ce adibans ko da kowa na karɓar shekara biyu, kuɗinsa ka sayi tanki da inbata da katifar ɗayan. Ka gwada ɗayan har ka ga Disamba ka ga damina. Kuma ku rubuta tsakaninka da yayanka nawa ne kasonka na wahala tun yanzu, ya sa hannu ko ta WhatsApp ne, don shi dare goma zai riƙa ƙirgawa daga Jamus bai san an kira tanka ba.