Wai mi makarantun Ostareliya ke yi na sulhu da 'yan asalin ƙasar?

Malamin Tarihi, Yauri:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malami ne a wata sakandare nan Yauri. Ɗiyar yayana tana karatu a Adelaide, aikin asibiti ya kai babanta can, to shekaranjiya ta turo min bidiyon asambulinsu ta WhatsApp, kafin shugaban makaranta ya ce uffan sai wani yaro ya miƙe ya ce suna tsaye bisa ƙasar mutanen Kaurna, 'yan asalin wurin, kuma suna girmama dattawansu na da da na yanzu, ga tutoci uku an kafa, ɗaya baƙi sama ja ƙasa da rawayar da'ira a tsakiya. Ta ce min kowane taro haka ake buɗe shi. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don ajina akwai yaran Gungawa da Kambari da ba su yarda a ji su suna yarensu, akwai wanda sai da na shekara biyu da shi sannan na san ba Hausa ake yi gidansu ba. Don Allah wanda ya san tushen abin ya fahimtar da ni, kuma yana da amfani ko dai biki ne kawai?

Ɗan Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi karatun digiri na biyu can, bari in ba ka abin da na sani. Aborijin, wato 'yan asalin Ostareliya, sun fi shekara 50,000 a ƙasar, da harsuna sama da 250, Turawan Ingila suka zo 1788 suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. Abin da ya fi ciwo shi ne daga wajen 1910 har cikin shekarun 1970 hukuma na ƙwace yara daga hannun iyayensu a kai su gidajen mishan ko a ba Turawa riƙo, a hana su yarensu, wasu har suka mutu ba su sake ganin uwa ba. Rahoton binciken da aka yi kan ƙwace yaran ya fito 1997, sai 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara.

Shi ya sa za ka ga makarantu na tuna 26 ga Mayu a matsayin ranar ban haƙuri, sai makon sulhu daga 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni, kuma ba haka kawai aka zaɓi kwanakin ba, 27 ga Mayu 1967 ne aka yi ƙuri'ar raba gardama sama da kashi 90 suka yarda a riƙa lissafa Aborijin cikin yawan jama'ar ƙasa, 3 ga Yuni 1992 kuma babbar kotu ta yanke shari'ar da wani ɗan asalin ƙasar mai suna Mabo ya shigar, ta rushe maganar nan ta ƙasa marar mai ita. Abin da yaron nan ya faɗa kowa na iya faɗinsa, amma yi wa baƙi maraba da zuwa ƙasar sai dattijon ƙabilar da ke da wurin, shi ake gayyatowa. Makarantu da yawa suna da rubutaccen tsari da suke yi da taimakon ƙungiyar Reconciliation Australia, a ciki suke faɗin me za su koyar, wa za su gayyato, yadda za su yi da wariya in ta faru tsakanin ɗalibai. Kuma Malam su Kaurna ɗin nan, Gana ake furtawa, yarensu sai da ya kai ba mai yin shi yau da kullum, daga rubutun wasu 'yan mishan Jamusawa na wajen 1840 aka farfaɗo da shi, yanzu ana koyar da shi a wasu makarantun Adelaide.

Abu Gummi:
Ni dai Malam ban gamsu ba. Ka karɓe ma mutum gona sannan kullum da safe ka ce ka san tashi ce amma ba ka maido ba, mi ya ci? A Oktoban 2023 fa aka tambayi 'yan Ostareliya ta ƙuri'ar raba gardama ko a ba Aborijin majalisar ba da shawara cikin tsarin mulki, wajen kashi 60 suka ce a'a. Har yau Aborijin suka fi cika gidan yari in aka duba yawansu, kuma sun fi saurin mutuwa. Wannan ke damuna.

Malama 'Yar Zuru:
Yaya Abu gaskiyarka kan ƙuri'ar nan, amma kada ka raina abin da yaro ke ji da kunnensa. Ni da C'lela, yarenmu na Dakarkari, na tashi, da aka kai ni makarantar kwana ina aji ɗaya na yi magana da wata 'yar garinmu bakin famfo, wata babba ta juyo ta ce mu daina yaren arna nan, alhali tare muke sallah da ita, tun ranar na kulle bakina sai hutu in na koma gida, yanzu ga ni da 'ya'ya huɗu babu mai iya gaida kakarsa da yarenta sai dai ta yi musu Hausa, kuma duk sanda na tuna sai in ji laifina ne. Da a ce malami ɗaya tak ya taɓa tsayawa gaban asambuli ya kira sunan Dakarkari da mutunci, ko ya ce in ba aji labarin bikinmu na Uhola, da ban ɓoye kaina ba. Makaranta ba ta iya maido gona, amma ita ke koya ma yaro wa ake jin kunyar zama.

Sai dai Malam in za ka fara kada ka tsaida yaran gaban aji ka ce wane tashi ka yi mana yarenku, kunya za ta ƙara kama shi. Ka fara da iyayensu.

Baba na Argungu:
'Ya'yana ai mu ma muna da namu. Kabawa da Sakkwato an daɗe ana zubar da jini, sai 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako Argungu aka yi masa su na girmamawa, daga nan bikin kamun kifi ya samo asali. Yaranmu sun san Matan Fada da gora da homa, amma tambayi ɗan sakandare dalilin bikin ka ji. Malam ka sa wannan cikin darasinka.

Malamin Tarihi, Yauri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba in sha Allah zangon nan zan koyar da shi. Malama na ji gargaɗinki, akwai wani tsoho masunci kakan ɗaya daga cikin ɗalibaina da aka ce min ya san labarin tsibiran da ruwan Kainji ya cinye lokacin da aka tashi mutanen wurin a 1968, ranar Asabar zan je in gaishe shi in ji ko zai yarda ya zo, in ya amince sai in kai ma shugabanmu maganar. Ɗan Birnin Kebbi, in kana da samfurin tsarin nan na makarantunsu turo min in duba.